Tarihin Ibrahim Narambaɗa, Makaɗin Sarkin Gobir na Isa

Ibrahim Narambaɗa ba ma'aikacin ofis ba ne. Bai riƙe alƙalami ba, bai karɓi haraji ba, bai yanke wa kowa shari'a ba. Amma akwai hakimai da alƙalai da 'ya'yan sarauta na gabashin Lardin Sakkwato waɗanda takardun aikinsu sun daɗe da zama abincin gara, da ba domin bakin wannan mutum ba da yanzu ba mai ambaton sunansu sai jikokinsu. Saboda haka ya cancanta a sa shi cikin littafin tunawa da waɗanda suka yi wa sarauta bauta, ko da ya ke shi da kotso ya yi tasa.

An haife shi a Tubali, wani gari na ƙasar Isa, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato cikin watan Maris na 1903 ya riga ya yi wayo, watau ya ga ƙarshen zamanin da, kuma ya yi yawancin aikinsa cikin zamanin En'e. Sunansa na yanka Ibrahim. Sunan ubansa Maidangwale, asalinsa mutumin Filinge ne, can cikin ƙasar da a ke kira Jamhuriyar Nijar yanzu. Uwarsa kuwa sunanta Riba, mutuniyar Badarawa ce, 'yar gidan makaɗa. Laƙabin da ya binne sunansa na yanka ba daga fada ya samo shi ba. Wata karya gare shi yana saurayi, ana kiranta Rambaɗa, sai mutane suka riƙa ce masa na Rambaɗa, har sunan ya bi shi. Abin mamaki ne a ce sunan da a ke ambata yau a zaurukan sarakuna da ɗakunan karatu na jami'a, tushensa karyar wani saurayin ƙauye ce.

Ba da kiɗa ya fara ba, da kokawa ya fara, har ya yi suna cikinta a garuruwan da ke kewaye da su. Wanda bai san ƙauye ba ya iya cewa wannan ɓata lokaci ne ga mai zama mawaƙin sarki, amma ba haka ba ne. Kokawa a ƙasar Gobir da Zamfara sana'ar kaka ce. In an kawar da amfanin gona sai samarin wani gari su tasam ma na wani, a taru a dandali, makaɗa na kiɗa, kowane ɗan kokawa da takensa. Kafin ya kama abokin karawarsa sai ya fito fili ya yi wa kansa kirari da babbar murya, ya faɗi waɗanda ya kayar da garuruwan da ya tsorata. Yaron da ya tashi cikin wannan ya koyi tsayawa gaban taro ba kunya, ya koyi jera magana mai nauyi da numfashi guda, ya kuma koyi duban mutum ya gane inda rauninsa ya ke. Waɗannan uku duka sun bi Narambaɗa har fada. Wanda ya saurari yadda ya ke yi wa kansa kirari cikin waƙoƙinsa, da yadda ya ke tunkarar abokan gaban ubangijinsa, ya san ɗan kokawa ne ke magana, ƙasa kawai ya sake.

Da ya juya ga kiɗa, ta wajen uwa gadon ya zo masa, gama kotson da ya ɗauka na gidan kakansa ne na wajen uwa. Ya fara da waƙoƙin noma. Wannan ita ce makarantarsa ta biyu, kuma makaranta ce mai wuya. Ran gayya manoma su kan jeru cikin kunya, makaɗi na biye da su, rana na dukan kowa. Aikinsa shi ne ya zuga wanda ya yi gaba, ya kira sunan ubansa da na kakansa, ya ambaci damman da ya ɗaure bara, sa'an nan ya juya ga ragon da a ka bari baya ya yi masa ba'a har kunya ta sa shi ya ƙara himma. Ba soro, ba zaure da za su taimaki murya, sai fili fetal da iska. Lada kuwa sai kaka, in Allah ya ba da damina a ba shi dami ko biyu. Mawaƙin da ya iya sa talaka mai jin yunwa ya ƙara kunya goma da magana kaɗai, ya riga ya san abin da yabo ke yi ga zuciyar ɗan Adam, ya kuma san abin da zambo ke yi mata.

Ya kamata a faɗi ko mene ne kotso, domin yanzu da yawa sun san amonsa a rediyo ba su taɓa ganinsa ba. Icce ne a ke fafewa, tsakiyarsa a tsuke kamar ta kalangu, amma baki ɗaya kaɗai a ke rufewa da fata, ɗayan a bar shi buɗe. Ana liƙa nake a tsakiyar fatar don amon ya yi zurfi. Ba a sa masa makaɗi na icce, da hannu a ke buga shi, mai bugun yana rataye da shi a kafaɗa, yana matsa tsarkiyoyin da ke jikinsa yana sakewa, amon na hawa yana sauka yadda maganar Hausa ke hawa da sauka. Don haka gwanin kotso ya kan faɗi taken basarake da fata kaɗai, wanda ya sani ya ji ya gane ko da ba a buɗe baki ba. Kotso da taushi da jauje da banga kayan kiɗan sarauta ne, ba a kai su wurin wasan 'yan mata ko gidan mahauta. Tambari da kakaki kuwa sun fi su duka, na manyan sarakuna ne. Saboda haka tun ran da saurayin Tubali ya rataya kotso, abin da ke kafaɗarsa ya riga ya nuna masa hanyar fada, ko da ƙafarsa na cikin gona tukuna.

Hanyar da a ka saba horon makaɗan fada doguwa ce. Yaro ya kan tashi gaban ubansa ko wansa, aikinsa na fari ɗaukar kaya da riƙon doki in an fita. Daga nan a ba shi ƙaramin abin kiɗa ya riƙa tsare ma'auni, ba ya ƙari, ba ya ragi. In hannunsa ya faɗa sai a sa shi cikin 'yan amshi, ya shekara da shekaru yana maimaita gindin waƙar wani, har waƙoƙin gidan duka su zauna masa a ka. In an ga yana da basira sai a bar shi ya riƙa ƙari, watau jagora ya fara ɗan waƙa shi ya cika. Can gaba ya zama na biyu ga shugaba, sai kuwa ran da shugaba ya tsufa ko ya rasu ya gaje shi. Haka Musa Ɗanƙwairo ya tashi, gaban ubansa Usman Ɗankwanda da wansa Abdu Kurna, har ya riƙe Daudun Kiɗi kafin ya tsaya da kansa. Haka Salihu Jankiɗi ya gaji kiɗa wurin ubansa. Narambaɗa bai sami wannan gata ba, da ya ke ubansa ba makaɗi ba ne. Ya gaji abin bugawa, amma jama'ar da za ta amsa masa, da ubangijin da zai tsaya gabansa, da kansa ya nema. Watakila wannan ne ya sa waƙarsa ba ta yi kama da ta kowa ba, gama ba wanda ya tsaya kansa shekara ashirin yana cewa ga yadda a ke yi a gidan nan.

Ya fara da masu gari da manyan ƙasarsu, sunansa na tafiya gaba gare shi, har ya kai Isa. Isa ba ƙaramar gunduma ba ce cikin Lardin Sakkwato. Ƙasa ce ta fadama da dawaki, kan iyakar Gobir, inda a ka daɗe ana gwabzawa tun faɗuwar Alƙalawa cikin 1808 har bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Mai riƙe da ita ana ce masa Sarkin Gobir, gidan kuwa na zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne. A nan akwai abin lura. Shehu Usmanu da almajiransa sun yi suka ga yawancin kaɗe-kaɗen fadar sarakunan Haɓe cikin littattafansu, amma ba a yi nisa ba sai ga jikokinsu da makaɗansu, domin mulki a ƙasar Hausa bai taɓa zama ba mai faɗar sunansa da ƙarfi ba. Abin da ya sake shi ne abin yabon. Mawaƙin gidan Bello ba shi da halin ya tsaya ga ƙarfin dantse da yawan bayi, tilas ya kawo asali, da addini, da ilmi, da adalci, ya danganta ubangijinsa ga Shehu da Bello.

Cikin 1935 Amadu ya zama Sarkin Gobir na Isa, wanda a ke kira Amadu Bawa. Shi ne ubangijin da sunan Narambaɗa ya haɗu da nasa har ba a ambaton ɗaya a bar ɗaya. Yawancin manyan waƙoƙinsa shi ya yi wa, kuma yana tare da gidan har ƙarshen ransa.

To, sarautar da Amadu ya hau ba irin ta kakanninsa ba ce. Turawa sun hana yaƙi, sun hana kamun bayi. An kafa baitulmali, hakimi ya zama mai albashi, yana zaune cikin gundumarsa, aikinsa ƙidayar mutane da shanu, da tara haraji da jangali, da gyaran hanya, da tsare kasuwa, da fita rangadi. Bisansa akwai Sarkin Musulmi da majalisarsa, gefe guda ga Di'o da Razdan suna duba littattafai. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda cikin 1929, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi, fatake suka yi arziki, har wani talaka ya fi ɗan sarki riguna. Hakimi kuma ana iya tuɓe shi da takarda guda in kuɗin haraji ya yi giɓi ko ƙara ta yi yawa. Mawaƙin fada na wannan zamani ya sami kansa cikin matsala: kalmomin da ya gada na yaƙi ne, na garkuwa da mashi da sulke, ubangijinsa kuwa ba ya zuwa yaƙi. Gwanintar Narambaɗa ita ce ya ɗauki waɗannan tsofaffin kalmomi ya ɗora su kan sabon fama, watau faman riƙon ƙasa, da haƙuri da jama'a, da tsare gida daga 'yan'uwa masu jiran gado. In ya kira ubangijinsa giwa ko zaki, mai sauraro ya san ba Gobirawan Tsibiri a ke nufi da abokan gaba ba, suna nan kusa, watakila ma suna zaune cikin zauren.

Kowane ma'aikacin fada ya san cewa gidan sarauta ba ya rasa masu jira. Sarki ɗaya ne, 'ya'yan sarki da yawa, kowa kuwa yana ganin shi ya fi cancanta. Sarki ba shi da damar ya buɗe baki ya zagi ɗan'uwansa, girma ya hana shi. Waziri ko alƙali ba su yi, aikinsu ya hana su. Makaɗi kaɗai al'ada ta ba wannan izini. Zambon Narambaɗa kuwa ba ya kama suna. Ya kan siffanta mutum ne, tafiyarsa, ko gemunsa, ko rowarsa, ko yawan zuwansa wurin bokaye don neman sarauta, ko ya ba shi sunan wata dabba, sai duk wanda ke garin ya gane, wanda a ka yi dominsa kuwa ba shi da abin kai ƙara, don in ya kai ya amsa ke nan. Kafin kwana bakwai yara sun ɗauka, mata na yi wajen daka. Horon da alƙali ke yi yana da ranar ƙarewa, wannan ba shi da ita. Ba za a ce kowane wanda zambon ya faɗa wa ya cancance shi ba. Mawaƙin fada ba alƙali ba ne, ba ya jin ta bakin ɓangare biyu, gefen ubangijinsa kaɗai ya sani, kuma lalle akwai bayin Allah da suka shiga kabari da tabon da ba su yi aikinsa ba, sai don sun yi takara sun faɗi. Wannan yana cikin sana'ar, ba a raba ta da shi.

Shi kansa makaɗin a bakin rijiya ya ke tsaye. Wanda ya yi wa zambo yau, gobe ya iya zama sarki. In ubangijinsa ya faɗi, shi ma ya faɗi. In ya yabi wani basarake fiye da kima, nasa ya ji haushi. In ya kuskure asali, ya sa ƙane gaban wa, ko ya manta wani kaka da gidan ke alfahari da shi, ya yi ɓarnar da kyauta ba ta gyarawa. Don haka ilmin da a ke bukata gare shi bai gaza na magatakarda ba. Sai ya san salsalar gidan tun daga tushe, da ta gidajen da a ke auratayya da su, ya san sarautun fada da wanda ke gaban wani, ya san garuruwan gunduma da masu riƙe da su, ya san abin da ya faru jiya a majalisa da abin da bai kamata a ce ya sani ba. Duk wannan a ka ya ke riƙe shi, ba takarda.

Ga yadda a ke ƙulla waƙa irin tasu. Da fari a sami gindi, watau 'yan kalmomin da za a riƙa komowa gare su, waɗanda ke ɗauke da sunan mai waƙar ko kirarinsa, su ne kuma ke ba da karin da kotso zai bi. In gindi ya zauna sai a riƙa ɗora masa ɗiya, kowane ɗa da maganarsa, wani yabo, wani zuga, wani habaici, wani roƙo. Jagora ya fara, 'yan amshi su karɓe su cika, a koma gindi. Gefe kuma ga sanƙira yana tsinka kirari da ƙarfi, yana faɗar kyautar da a ka yi da wanda ya yi ta. Waƙa ɗaya ba ta fita iri ɗaya sau biyu, don jagora na duban zauren, in wani baƙo ya shigo a sa shi, in wani abu ya auku a ƙara ɗa. Lokatan aikin sanannu ne: daren Juma'a a ƙofar fada, da hawan salla, da naɗin sarauta, da bikin gidan sarki, da tafiya in ubangiji ya hau. Wanda ya saurari abin da a ka ɗauka na Narambaɗa zai ji yadda shi da mutanensa ke miƙa wa juna magana tun ba ta ƙare ba, ba mai taka wani. Wannan ba ya samuwa sai an daɗe tare ana bita.

Cikin waƙoƙinsa wadda ta fi suna ita ce Bakandamiya, wadda ya yi wa Sarkin Gobir Amadu. A cikinta ya yabi ubangijinsa, amma rabo mai yawa kansa ya yaba, da waƙar kanta, ya ɗora ta bisa sauran waƙoƙi, ya ɗora kansa bisa sauran mawaƙa. Wani ya ce wannan girman kai ne, a zo yabon sarki a ɓuge da yabon kai. Amma a fada ba haka a ke dubansa ba. Darajar makaɗi darajar mai shi ce, kamar yadda ingarman doki ke ƙara wa mahayinsa kwarjini. In Narambaɗa ya fi mawaƙan sauran hakimai, to Isa ta fi sauran gundumomi ke nan. Sunan waƙar ya zama abin misali, har mawaƙa na baya, irin su Mamman Shata, suka kira babbar waƙarsu da shi, yau kuwa duk aikin da mutum ya fi gwaninta a kai a kan ce shi ne bakandamiyarsa.

Akwai kuma wadda ya yi wa wani doki mai suna Ɗanfilinge, yana yabon gudunsa. Sunan dokin na nuna Filinge, ƙasar da uban mawaƙin ya fito. Masu dawaki na son wannan waƙa ƙwarai, don ta nuna mai ita ya san doki sanin barga, ba sanin mai kallo daga bakin hanya ba. Bayan ubangijinsa ya yi wa waɗansu sarakuna da alƙalai da 'ya'yan sarauta na wannan yanki, wajen Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda. Al'ada ita ce makaɗin wani basarake ba ya zuwa wurin wani sai da iznin nasa, in ya je kuwa baƙon girma ne, abin da a ka ba shi ubangijinsa a ka girmama.

Hausarsa ta Gobir da Zamfara ce tsantsa, mai tsofaffin kalmomi, har Bakano ko Bazazzage ya kan nemi mai fassara a waɗansu wurare. Abin da ya sa waƙarsa ta wuce iyakar Isa, ga waɗanda ba su san Amadu ba, ba su kuma damu da wanda ya nemi sarautarsa ba, shi ne yadda ya ke tsayawa tsakiyar yabo ya yi magana kan duniya, kan haƙuri, da ƙaddara, da abin da ke na mutum da abin da ba nasa ba, ya kawo misali daga gona ko daji ko gulbi. Ba doguwar magana ya ke yi ba, kalma kaɗan ce a ɗaure tam. Shi ya sa dattawa ke jawo maganarsa cikin hira yadda a ke jawo karin magana, wani ma bai san daga waƙa ta fito ba.

Game da abin da sana'ar ke kawowa, makaɗin fada da kyauta ya ke ci. Ubangiji ya kan ba shi doki da riga da rawani, da hatsi in kaka ta yi, da kuɗi ran salla, ya ɗauke masa nauyin aure da suna. Abin da a ka samu kuma ba nasa ne shi kaɗai ba, sai an raba da 'yan amshi da masu kiɗa da sanƙira, kowa gwargwadon matsayinsa, shugaban da ya cika son kai ba ya daɗewa da jama'a. Ga kuma wani abu mai ɗaure kai cikin zaman Hausawa. Makaɗi na shiga inda attajiri ba ya shiga, yana faɗa wa sarki abin da hakimi ba ya iya faɗa, ana tsoron bakinsa, amma duk da haka maroƙi a ke kiransa, a ƙasa ya ke zama, kuma gidajen da ke ba shi doki ba su cika ba shi 'ya ba. Narambaɗa ya san wannan sarai. Mai lura zai ga cewa yawan kirarin da ya ke yi wa kansa, da yadda ya ke kwatanta waƙarsa da aikin masu ilmi, amsa ce ga masu raina sana'ar.

Zamaninsa zamanin manyan makaɗa ne a Lardin Sakkwato. Jankiɗi na Sakkwato yana Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar, wanda ya hau cikin 1938. Ɗanƙwairo na Maradun, daga baya ya zama na Sardauna Ahmadu Bello. Sa'idu Faru na tasowa da nasa kotson. Ta wajen yamma da kudu kuma ga Aliyu Ɗandawo, mutumin Shuni, wanda ya zauna Argungu kana ya komo Yawuri, ɗansa Sani ya gaje shi a nan, har sunan gidan ya zama na Yawuri. Waɗansu cikin waɗannan sun bi manyan iyayen gida zuwa manyan birane sa'ad da siyasa ta zo, Kaduna ta zama wurin da kyauta ta fi tsoka. Narambaɗa makaɗin hakimi ne, a makaɗin hakimi kuma ya tsaya, amma in ana jera su ba a cika sa wani gabansa ba.

Ya tsufa sa'ad da na'urar ɗaukar magana ta iso ƙasar, aka ɗauki waɗansu waƙoƙinsa. Abin da a ke ji yau muryar dattijo ce, kuma kaɗan ne daga abin da ya yi cikin shekaru masu yawa, na ƙuruciya da na gona sun tafi tare da waɗanda suka ji su. Gidan rediyon Kaduna, wanda a ka buɗe cikin 1962, shi ya fi yaɗa su. Ta wannan hanya waƙar da a ka yi don zaure guda a Isa ta kai Yelwa da Ngaski da Shanga, ta shiga jiragen masunta, har sababbin garuruwan da a ka gina wa mutanen gungu bayan an tsare Kwara a Kainji cikin 1968.

Ya rasu cikin 1963, Allah ya ji ƙansa. Sarkin Gobir Amadu ya yi shekara goma sha biyu bayansa, ya rasu cikin 1975, bayan ya shekara arba'in bisa sarauta. Da shekara ta kewayo, cikin 1976, aka yi gyaran ƙananan hukumomi, sunan En'e ya kau, haraji da kotu da 'yan doka duk sun riga sun fita ko suna fita daga hannun sarakuna.

Bayan wannan sai malaman jami'a suka ɗauki aikin da 'yan amshi suka ajiye. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihinsa tare da na sauran makaɗan fada, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, mutumin Jihar Kebbi, ya yi littafi guda a kansa cikin 2009, ɗalibai kuma suna ta rubuta waƙoƙin daga faifai suna warware kalmominsu. Cikin 2019 Jami'ar Bayero ta Kano ta tara masana don nazarin waƙoƙinsa. Ƙasar da ya yi wa waƙa kuwa an raba ta cikin 1996, Isa ta zauna cikin Jihar Sakkwato, Tubali da Badarawa suka faɗa Jihar Zamfara, wajen Shinkafi.